Jawabi a kan tsare salula da wayoyin shago daga tsawa

 

Damina ta kusa, ga shi da yawa daga cikin samarinmu da cajin salula suke ci, wasu a bakin kasuwar Dole, wasu can gida da pano bisa rufin kwano. Teburin mai caji kuwa amanar mutane ne. In tsawa ta ƙone salula ashirin a dare ɗaya, jari ya tafi, ga rigima da ƴan gari.

Ba sai aradu ta fāɗa kan shago take ɓarna ba. Tana iya sauka bisa turken lantarki nesa da mu, ƙarfinta ya biyo waya har cikin ɗaki. Kayanmu an ƙera su don volt 220 ne, ita kuwa walƙiya miliyoyi take ɗauke da su. Salular da ke hannu ba ta jawo tsawa, wannan jita-jita ce. Wadda ke jone da caji, da tarho mai igiya, su ne abin tsoro.

Saboda haka in kun ji cida, ku zare komi daga bango, har igiyar tarho da ta eriya. Kashe maɓalli bai isa ba. Ku ƙidaya tsakanin walƙiya da ƙara: daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan. In lissafin bai kai 30 ba, hadari na kanku. Haka kuma in kuran na NIGELEC ya ɗauke, ku zare, ku jira ya dawo ya zauna tukuna, domin lokacin dawowarsa ma yakan yi tsalle.

Wanda ke da hali ya sa na'urar da ake kira parafudur da Faransanci. Amma ku lura, aikinta shi ne ta karkatar da ƙarfin zuwa ƙasa, in ba ta da hanyar ƙasa kun sayi ado ne kawai. Nan ne matsalarmu a Damagaram, gari bisa duwatsu da busasshen rairayi, waɗanda ba su karɓar lantarki da sauƙi. A kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla, kamar mita 2, inda ke da laima, a ɗaure ta da waya mai kauri, gajera, marar lanƙwasa. Ƙarfen da ke riƙe da pano shi ma a haɗa shi da ita. Ƙusa da guntun waya da nake gani a wasu shaguna ba su tsare komi.

Tsari na Allah ne, amma an umarce mu da yin sababi. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su nemo ma'aikacin lantarki mai abin awo, ya zaga shagunan ƴaƴanmu kafin watan Yuni, mu haɗa kuɗin aikinsa.