Zawon Kare Da Ya Ƙi Tsayawa: A Fara Duba Kwanonsa

Wannan jawabi ne da wani malamin dabbobi ya yi wa masu karnukan gadi da na farauta a unguwar Television, kudu da Kogin Kaduna.

Kare mai zawo ba ya gadi, ba ya farauta. Kullum yana kwance, yana ramewa. Idan zawo ya kai mako 3 bai tsaya ba, to ya zama ciwo mai daɗewa. Kada mai kare ya zuba masa ido.

Me ke kawo shi? Na farko, abinci. Tuwon da ya yi tsami, da miya mai yawan mai da yaji, da mushe, da tonon bola. Na biyu, ruwan kwata. Na uku, tsutsar ciki. Madara ma tana ɓata cikin karnuka da yawa.

To, mai kare ya fara da gyara kwano. Ya dafa farar shinkafa ta yi laushi, ba mai, ba yaji. Ya haɗa da dafaffen naman kaza marar fata da ƙashi. Shinkafa kashi 2, nama kashi 1. Yana iya ƙara dafaffiyar kabewa kaɗan, don tana taimakawa kashi ya yi ƙarfi. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau 3 ko 4 a rana. In ya samu sauƙi, a mayar da shi ga abincinsa na da a hankali, cikin mako 1. Sauya abinci farat ɗaya yana dawo da zawo.

Kada a ba kare albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata masa jini. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Yana iya kashe shi.

Zawo yana ƙarar da ruwan jiki. A ajiye masa ruwa mai tsabta dare da rana, a riƙa wanke kwanon kullum. A ja fatar bayan wuyansa a saki. In ba ta koma da sauri ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Abinci kaɗai ba ya kashe tsutsa. Babban kare yana bukatar maganin tsutsa duk bayan wata 3. Malamin dabbobi ne zai auna masa daidai nauyinsa.

A gaggauta kai kare asibitin dabbobi idan akwai jini a kashinsa, ko yana amai, ko ya ƙi cin abinci. Ɗan kwikwiyo mai zawon jini yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake yi musu allurar rigakafi tun suna ƙanana. In ciwon ya gagara, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

A ƙarshe, maganar nan ta shafi yara. Ƙwan tsutsa yana fita cikin kashin kare ya zauna a ƙasa. Yaro ya yi wasa a wurin, ya kai hannu baki, sai ya kamu. Don haka a kwashe kashin kare kullum a binne shi. Yara su sa takalmi, su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai kowa gida lafiya.