Me Ya Hana Jaruminmu Ya Fito Daga Doguwa?

Yau zan ɗan sauka daga maganar siyasa, mu taɓa littattafan yaƙi.

Ni ma da su na tashi. Littattafan Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun sha hana ni barci, kuma yanzu ƙannenmu a waya suke sauraron irinsu. Amma ku lura: jarumin sunan Larabawa gare shi, birnin kuma Misra ne ko Hindu. Yaron Kiru zai yi shekara goma yana karatu bai ci karo da ko kukar garinsu ba. Wallahi abin yana damuna.

To, ku ji abin da wasu suka yi. A 1974, shekarar da aka kammala dam ɗin Tiga a nan Bebeji, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons. Ba a buƙatar kwamfuta. Abokai ne za su zauna, ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda. Mai labari ya ce ga dodo a bakin kogo, me za ka yi? Ka faɗa, sai a jefa ɗan ludo, shi zai nuna ko ka yi nasara ko ka sha kashi. Daga irin wannan zaman aka samu littattafan Dragonlance a 1984, na Margaret Weis da Tracy Hickman. A Japan ma, Record of Lodoss War rubutaccen zaman wasa ne kafin ya zama littafi.

Kun ga ai tatsuniya ce, sai dai mai sauraro ma yana da bakin magana.

Na gwada da samari biyar a wata majalisa a Tudun Wada. Na ce musu ku fatake ne, magariba ta riske ku a dajin Falgore, jakinku ɗaya ya ɓace. Da farko dariya suka yi ta yi min. Can sai wani, wanda kullum shiru yake, ya ce shi ɗan maharba ne, zai bi sawu. Ya shiga lissafo itatuwa da dabarun da ya ji a bakin kakansa. Har aka kira isha'i ba wanda ya taɓa waya. Wani kuma ya dage sai mun shiga tsofaffin ramukan kuza na Riruwai.

Na san wani zai ce ɗan ludo ai caca ne. Ba kuɗi a ciki, ba ci ba biya. In zuciyarka ba ta kwanta ba, rubuta lambobi a takarda ku ja. Wani dattijo ma ya tsaya kanmu yana tambaya, da ya ji labarin sai ya gyara mana hanyar da fatake suke bi.

Abin da muka rasa shi ne marubuci. Ba wanda ya rubuta zaman nan, rabinsa ya riga ya tafi. Asabar mai zuwa za mu sake zama bayan la'asar. Duk mai saurin rubutu ya taho da biro da littafi, har yanzu ba mu gano jakin ba.