HUKUNCIN AIKA TAIMAKO ZUWA ƘASAR DA MASIFA TA AUKA WA

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu yi bayani a kanta yau ita ce: idan girgizar ƙasa ko ambaliya ta auka wa mutane a wata ƙasa mai nisa, shin ya dace mu aika da kuɗinmu can, alhali ga mabuƙata a ƙofar gidajenmu? In kuwa ya dace, ta wace hanya?

Da asubahin ranar 6 ga Fabrairu, 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, ana tsakiyar hunturu. Sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da dubban da suka rasu a Siriya. A daidai wannan lokacin mu a Nijeriya muna fama da ƙarancin takardun naira, magidanci na kwana a layin banki. Saboda haka wanda ya ce da mu a wancan lokaci, "Ku fara da gida tukuna," ba mu ɗauke shi marowaci ba. Yana da hujjarsa, sai dai hujjar tana buƙatar rarrabewa.

Asalin kai ɗauki daga wata ƙasa zuwa wata tabbatacce ne tun zamanin sahabbai. A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, fari ya tsananta a Hijaz, ƙauyawa suka kwararo Madina saboda yunwa. Sayyidina Umar (R.A.) ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa Abu Ubaida (R.A.) ya iso daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. Sham ma tana da matalautanta a ranar, amma buƙatar Hijaz ta fi tsanani, sai aka gabatar da ita.

To, a nan wajibi ne mu bambanta sadakar ganin dama da zakka, domin yawancin ruɗanin daga cakuɗa su yake tasowa. Sadakar ganin dama ƙofarta a buɗe take: mutum ya bayar kusa ko nesa, ga Musulmi ko ga wanda ba Musulmi ba matuƙar ba mai yaƙar mu ba ne, kamar yadda aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta nuna. Sharaɗi dai kada ya tauye ciyarwar da ta wajaba a kansa, ta iyali da iyaye. Wanda 'ya'yansa suka kwana da yunwa don ya tura kuɗi waje, ya bar farilla ya kama nafila.

Zakka kuwa tana da iyakoki. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade nau'i takwas na masu karɓarta, kuma a wasiyyar da Annabi (S.A.W.) ya yi wa Mu'azu (R.A.) lokacin da ya aike shi Yaman, an nuna cewa daga mawadatan mutanen wurin ake karɓa a mayar wa matalautansu. A kan haka malaman Malikiyya suka ce a raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da shi, ƙasa da nisan da ake yin kasaru, wato kimanin kilomita 80. Amma su ɗin dai suka ce idan mutanen wani wuri sun fi tsananin buƙata, sai a kai musu mafi yawanta, a raba ragowar a gida. In buƙatar ɗaya ce, kaiwa makaruhi ne amma ta isar. In kuwa na can ba su kai na gida buƙata ba, ba ta isar ba. Ku lura, fiƙihu nisa da buƙata yake dubawa, ba ya duba fasfo. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024, hukuncin Bakano mai aika zakkarsa can ɗaya ne da na mai aikawa Siriya.

Sai batun hanya, kuma a nan ne dukiyar bayin Allah ta fi salwanta. Kada mu tura ko sisi zuwa lambar asusun da aka yaɗa a WhatsApp tare da hoton yaro yana kuka, ba sunan ƙungiya, ba wanda za a tuhuma. Mu tambayi mai tarawa: wa zai karɓa a can, kuma yana da hanyar isa wurin? Wannan tambaya ba wasa ba ce. A arewa maso yammacin Siriya, mashigar Bab al-Hawa kaɗai aka yarje wa Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi, kuma ayarinta na farko bai shiga ba sai bayan kwana uku, mutane na tono 'yan'uwansu da hannu. Girman suna ma ba ya ɗauke bincike: ƙungiyar Red Crescent ta Turkiyya ta sha zargi mai tsanani bayan ta bayyana cewa ta sayar wa wata ƙungiyar agaji tantuna maimakon ta raba su kyauta, har shugabanta ya yi murabus a watan Mayun 2023. Wanda ba ya iya nuna rahoton abin da ya karɓa da abin da ya kashe, kada a damƙa masa amana, ko da rawaninsa ya kai ina.

Kuɗi ya fi kaya amfani. Tsofaffin tufafin da muke tarawa a buhu, kuɗin jirginsu ya fi ƙimarsu, ga shi rigar da aka ɗinka don zafin Sakkwato ba ta maganin ƙanƙara. Da kuɗi ake sayen bargo da magani a kasuwar da ke kusa da su. Kuma tun da naira ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, ƙaramin kuɗi in aka tura shi shi kaɗai, ladan aike da canji ne za su cinye shi. Abin da ya fi shi ne jama'ar masallaci su haɗa wuri guda, a naɗa amintattu uku su ƙirga a rubuta, a karanta lissafin a gaban kowa bayan salla.

Wanda zai ba da zakka ya faɗa wa masu karɓa ƙarara cewa zakka ce, a ware ta daga sauran gudummawa, domin a wurin jumhurun malamai ba a gina gada ko gyara hanya da ita, hannun mabuƙaci ake miƙa wa. Wanda kuma bai samu bayarwa a makon farko ba, kada ya ce lokaci ya wuce. Shekara guda bayan girgizar nan, dubban ɗaruruwan mutane a Turkiyya suna zaune cikin gidajen kwantena, alhali 'yan jarida sun daɗe da kwashe kayansu.