Tushen Cutar Sikila Ɗaya Ne

Wannan shi ne jawabin da wani likita ya yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci a kan gadon jini.

Likitan ya fara da tambaya. Ya ce, me ya sa ɗa ke kama da ubansa, maraƙi ke ɗauko launin uwarsa? Ya ce a jikin kowane mai rai akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da ido ba ya gani. Ana kiran su ƙwayoyin gado. Kowane mutum yana karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba. Su ma ƙwayoyin nan suna da kakanni, kuma masana suna iya bin salsalarsu kamar yadda maroƙi ke jero kakannin sarki.

Daga nan ya ɗauki misalin sikila, wadda ake kira amosanin jini. Ya ce ƙwayar gado guda ce ta ɗan canza, ita ce mai kula da jan jini. Wanda ya gaje ta daga uwa da uba duka shi ne SS. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe hanyar jini, ya yi ta ciwon gaɓoɓi. Wanda ya gaji ɗaya kawai shi ne AS, kuma lafiyarsa ƙalau. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne.

A da masana sun ɗauka canjin nan ya faru sau biyar a wurare dabam-dabam, har suka sa musu sunayen ƙasashe irin su Senegal da Benin da Kamaru. A 2018 wani masani ɗan Nijeriya da ke aiki a Amurka, Charles Rotimi, da abokin aikinsa Daniel Shriner, suka duba ƙwayoyin gado na kusan mutum 3,000. Bincikensu ya nuna sau ɗaya abin ya faru, a jikin mutum ɗaya a Afirka, wajen shekara 7,300 da suka wuce. A lokacin hamadar Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Ke nan mai sikila a Kano da na Indiya da na Amurka kakansu ɗaya.

Wani dattijo ya ce, to abin da ke kashe yara, me ya hana shi ƙarewa? Likitan ya ce sauro ne. Yaro mai AS yakan fi sauran yara tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wani masani, Anthony Allison, ya nuna haka a Gabashin Afirka a 1954. Masu AS suka rayu, suka hayayyafa, ƙwayar ta bi zuriyarsu duk inda sauro ya yi yawa.

Saboda haka, in ji shi, kada a ce laifin uwa ne, ko maita, ko aljanu. Uba ma da nasa kason. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ba a gane AS a fuska, sai an gwada jini a asibiti. Ya roƙi iyaye su tura saurayi da budurwa gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, musamman in auren zumunci ne.