Abin Da Ya Sa Madara Ta Ke Ɓata Wa Wani Ciki, Ta Bar Wani

Yau maganarmu a kan madara ce, watau wadda aka tatso ba ta yi tsami ba. Na san a cikinku ba za a rasa wanda in ya sha ta cikinsa ya kan kumbura ba, ya yi ta ƙugi, ya murɗa, wani lokaci har da zawo. Ga shi kuwa abokinsa da suka sha ƙwarya ɗaya yana zaune lafiya lau. Na taɓa zama da wani masinja wanda kullum da safe sai ya sha shayi da madara mai yawa, kafin hantsi kuwa ciki ya hana shi sakat. Ya ɗauka sammu aka yi masa. Sai da ya kashe kuɗin wata biyu wajen masu magani, alhali kuwa abin da ke damunsa yana cikin kofinsa.

To, ku saurara ku ji yadda abin ya ke. A cikin kowace madara akwai wani irin sukari wanda likitoci su ke kira laktos. Ba shi da zaƙi kamar na rake, shi ya sa ba mu lura da shi. Amma fa yana da yawa. Kofi guda na madarar saniya yana ɗauke da kamar giram 12, nonon uwa kuwa ya fi na saniya yawansa.

Wannan sukari ba ya iya shiga jini yadda ya ke, domin ƙwayoyi biyu ne a manne, ɗaya sunanta gulukos, ɗaya galaktos. Sai an raba su tukuna. Mai raba su wani sinadari ne, laktes, wanda bangon ƙananan hanji ya ke yi. Ku ɗauka kamar goro ne wanda sai an ɓare shi gida biyu kafin a ba kowa rabonsa. Da an raba, sai su wuce cikin jini su zama ƙarfin jiki.

Kusan kowane jariri da laktes mai yawa a ke haifuwarsa, don ba shi da abinci sai nono. Bayan yaye sai abin ya riƙa raguwa sannu sannu. Kada ku ce cuta ce. Haka ɗan akuya ya ke, haka maraƙi, haka kuma wajen kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya.

In babban mutum mai ƙarancin laktes ya sha madara da yawa, sukarin nan sai ya zarce ba a raba shi ba, har ya isa babban hanji. A kan hanya yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, dalilin zawon ke nan. A babban hanji kuma akwai ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani, ba su ƙidayuwa. Sai su faɗa wa sukarin da ci, su fid da iska da tsami. Ita ce iskar da ke kumbura ciki ta sa shi ƙugi. Ya kan fara tun daga rabin sa'a zuwa sa'a biyu bayan an sha.

Watakila wani zai ce, "To, Fulani fa?" Tambaya ce mai kyau. A 1971 wani likitan Amurka, Norman Kretchmer, da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, da abokan aikinsu, suka buga abin da suka gano a Nijeriya. Suka ga mafi yawan Fulanin ruga suna narkar da sukarin madara har girmansu, manyan Yarabawa kuwa da ƙyar a sami mai iyawa. Mutanen birni a Arewa suna tsakani, amma marasa iyawa sun fi yawa. Abin gado ne. Mutanen da kakanninsu suka yi dubban shekaru suna kiwo suna shan madara, a cikinsu ne gadon nan ya yaɗu. A 2002 masana a ƙasar Finlan suka gane wurin da ya ke a cikin ƙwayoyin gado. Abin mamaki, irin wanda ke jikin Turawan Arewa shi ne aka samu a jikin Fulani da yawa.

Yanzu ga wata hikima da mu ke yi tun kaka da kakanni ba mu san dalilinta ba. In madara ta kwana ta zama kindirmo, ƙananan halittun da suka sa ta tsami sun riga sun cinye wani kashi na sukarin, sa'an nan suna taimakawa wajen narkar da saura a ciki. Shi ya sa mutum zai sha fura da nono ya tashi lafiya, amma madarar gwangwani ko ta gari ta kayar da shi. Man shanu kuwa kusan babu sukarin nan a cikinsa. Sai dai ku sani, tafasawa ba ta kawar da shi. Duk da haka ku tafasa madarar da aka tatso, domin wuta tana kashe ƙwayoyin tarin fuka da na wani zazzaɓi da a ke ɗauka daga shanu.

In kana zaton kana cikin masu wannan hali, ka bar madara mako biyu ka gani, sa'an nan ka koma mata kaɗan kaɗan, tare da abinci, ba da ciki wofi ba. Da yawa su kan iya shan har kofi guda ba abin da ya same su. A manyan kantuna kuma ana samun madarar da aka riga aka raba sukarinta. Amma in ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko kana ramewa, wannan ba aikin madara ba ne, ka tafi asibiti.

Saura magana ɗaya, ku kai wa iyalinku. Duk abin nan da na faɗa na manya ne. Jariri in ya yi zawo mai tsanani laktes ɗinsa ya kan ragu na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo da hanji ya warke. Kada ku yarda a ce nonon uwarsa ne ba shi da kyau a cire shi. A ci gaba da ba shi, a kuma kai shi wurin likita da wuri.