Kada Murya Ta Ruɗe Ka



A Farawa sura 27, idanun Ishaku sun dushe. Aka rufe hannuwan Yakubu da fatar akuya, ya karɓe albarkar Isuwa. Kunnen tsohon kaɗai ya yi shakka, gama murya ba ta ɓuya.

Yau kuwa ko murya ana sace ta. A 2023 kamfanin Microsoft ya nuna ƙirƙirarriyar basira mai kwaikwayon muryar mutum daga maganar daƙiƙa uku. A 2024, a Hong Kong, ma'aikacin kamfanin Arup ya tura dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabannin jabu.

Ɗan'uwa, in aka kira ka da muryar ɗanka yana kuka, a turo kuɗi maza, dakata. Kashe wayar, ka kira lambar da ka sani. Ku zaɓi kalmar asiri ta gida. Kada ka ba kowa lambar sirrin banki.

Na'ura sabuwa ce, amma ruɗi tsoho ne. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.