Suna Linzami: Yadda Mutanen Indiya Suka Raɗa Wa Itatuwan Magani Suna Da Harshen Sansakirit



Hausawa kan ce suna linzami ne. A yau ina so mu dubi wata al'umma wadda ta ɗauki suna a matsayin rumbun ajiyar ilmi, wato masu maganin gargajiya na addinin Hindu, waɗanda ke kiran sana'arsu Ayurbeda, ma'ana ilmin rayuwa. Manyan littattafansu guda biyu, Charaka Samhita da Sushruta Samhita, da harshen Sansakirit aka rubuta su. Daga baya kuma suka tsara ƙamusun tsirrai da ake kira nighantu, kamar wanda ke cikin littafin Bhawaprakasha na ƙarni na 16. Galibi a waƙe aka tsara su domin almajiri ya haddace.

To, me almajirin yake haddacewa? Sunaye ne, amma kowane suna bayani ne a dunƙule. Akwai tsiron da ake kira ashwagandha: ashwa doki, gandha ƙamshi ko wari, saboda saiwarsa tana warin doki. Akwai mandukaparni, wato mai ganyen kwaɗo. Akwai punarnawa, mai komawa sabo, domin yakan bushe da rani ya tofo da damina. Akwai kuma pippali, wani nau'in masoro mai tsawo, wanda ake yi wa laƙabi da magadhi saboda ƙasar Magadha. Kun ga ke nan wani suna siffa yake nunawa, wani hali, wani kuma mahaifa.

Bugu da ƙari, tsiro guda yakan tara sunaye masu yawa. Guduchi, alal misali, ana kiransa chinnaruha, mai tsira bayan an sare shi, ana kuma kiransa amrita, marar mutuwa. Itacen nimba suna ce masa arishta, wanda cuta ba ta taɓa shi. Wannan itace shi ne darbejiyarmu, wadda aka kawo mana zamanin mulkin mallaka, mu ma muka ce mata dogon yaro.

Sai dai wannan hikima tana da sharaɗi: dole malami ya kama hannun almajiri ya kai shi daji ya nuna masa tsiron. Idan wannan silsila ta yanke, sunan kaɗai ba ya isa. Sunan brahmi ya ishe mu misali. A kudancin Indiya tsiron da masana ke kira Bacopa monnieri ake nufi, amma a wurare da dama na arewa wani tsiro ne dabam, Centella asiatica, wato mandukaparni ɗin nan da na ambata. Mai saye a kasuwa zai kira suna ɗaya, a ba shi ɗaya daga cikin abu biyu. Mafi muni shi ne soma, tsiron da aka fi yabo a littafin Rigbeda: sunansa na nan daram, amma har yau masana ba su daidaita a kan ko wane tsiro ba ne.

Inda kuwa suna da tsiro suka zauna tare, amfani ya biyo baya. Daga saiwar sarpagandha, mai warin maciji, aka tace sinadarin risafin a 1952, aka daɗe ana maganin hawan jini da shi.

Saboda haka, ya ku ɗaliban Hausa, in kun je wurin mai magani ko 'yar mai ganye kuna tattara sunaye, kada ku tsaya ga rubuta suna. Ku ɗauko ganyen ku busar, ku rubuta garin da aka faɗa muku sunan, sannan ku nemi masanin tsirrai ya tabbatar muku da shi. Linzami ba ya amfani sai da doki.